Kwallin da na zuba a bayan Kande

Mai jirgin da ya ɗauko mu daga Yola ya sauke mu a bakin wani yashi da hantsi, ya ɗaga gorar tuƙinsa ya nuna wani dutse, ya ce, "Garwa ke nan a bayansa. Kafin azahar kun isa." Na yi masa godiya har da ɗaga hannu biyu. Tun a Yola na tuɓe rigata mai aska biyu na ba shi ladan kai mu har Garwa, don haka da na ga ya juya jirgi yana ta sauri ban kawo komai a raina ba, cewa na yi mutum ne mai himma. Sai da muka kwana uku a hanya kafin mu ga Garwa.

Sunana Audu, wanzami ne ni, ɗan wanzami, mutumin Misau. Neman abinci ya fitar da ni gida, na bi ayarin fatake ina yi musu aski da ƙaho har Yola, inda na zauna shekara biyu ni da mai ɗakina Kande. A can ciwo ya same ta. Da farko jini ne yake zuwa ba a lokacinsa ba, daga baya wani ƙullutu ya fito mata a mara, in ka danna ka ji shi da tauri kamar goriba. Na yi duk abin da na gada, malamai sun yi nasu, Kande sai ramewa take yi. Wani dakare da nake yi wa aski ne ya ce mini a ƙasar da Jamusawa ke mulki, a barikin Garwa, akwai likita mai na'urar da ke ganin cikin mutum ba tare da an tsaga shi ba. Na yi masa dariya a ranar. Bayan wata guda na zo ina tambayarsa hanya.

To ga mu a kan yashi, ba jirgi, ba riga, sai zabirata da ƙunshin kayanmu. Kande ta dube ni, ta dubi dutsen, ta ce, "Maigida, kai da kake cewa ba a yi mai wayon da zai yi maka ba."

Na ɗora ƙunshin a ka, muka kama hanya.

Ranar farko ta taka da ƙafarta, tana tafiya tana tsugunawa. Rana ta biyu na goya ta. Ni da a Misau ko gefenta ba na tafiya a gaban mutane, ga ni da matata a baya, ƙunshi a ka, zabira a wuya. In mun hango ƙauye sai ta ce in sauke ta, ta lallaɓa ta wuce da ƙafarta, mu ɓace wa idon mutane sannan in sake durƙusawa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne rashin nauyinta. Kanden da na sani mace ce mai jiki, mai daka turmi biyu kafin maƙwabta su gama ɗaya.

A rana ta uku wata dattijuwar Bafillatana ta cim mana da takarkarinta, za ta kai man shanu kasuwa. Ta tsaya ta ce, "Jam na?" Na ce, "Jam," don iyakar Fillancina ke nan a lokacin. Ta dubi Kande daga sama har ƙasa, ta ga ba jam ba ne. Ta sauke ƙoran manta ta ɗora a kaina, ta kama Kande muka ɗora ta a kan san. Da muka tsaya hutawa ta dama mata nono da ɗan gero, ta riƙa ba ta da ludayi tana yi mata faɗa da Fillanci, Kande na amsawa da Hausa, kuma wai sun fahimci juna. A bakin kasuwar Garwa ta karɓi kayanta ta shige cikin mutane. Ko sunanta ban sani ba, amma har yau ba na yin salla ban sa ta a addu'a ba.

Garwa gari ne na Fulani, amma Hausa ba ta ɓata a cikinsa. Mun sami ɗaki a unguwar Hausawa, gidan wani mahauci, na kafa tabarmata a gindin wata tsamiya kusa da hanyar bariki. Kan dakare ba ya kwana bakwai ba aski, saboda haka abinci bai yi wuya ba. Kewa ce ta yi wuya. Wata rana wani falke ya zauna a gabana ya ce in rage masa gemu, na ji harshensa irin na wajenmu ne, na tambaye shi, ya ce daga Dambam yake. Na fi sa'a ina aske gemun da bai kai tafin hannu ba, don kawai ya ci gaba da magana.

A gindin tsamiyar nan na san Saje Garba, Bakatsine, tafintan likita. Ya daɗe da Jamusawa har tafiyarsa ta koma tasu. Na yi masa aski sau biyu ina ba shi labarin duniya, a na uku na ba shi nawa. Ya ce in kawo ta da safe.

Muna zaune a barandar asibitin muna jiran a kira mu, sai muka ji tsawa daga ciki. Wani tsoho ya fito yana ɗingishi, likita na biye da shi, dogon Bature mai jan wuya, yana nuna masa ƙofa. Saje ya raɗa mini cewa an wanke wa tsohon gyambo an ɗaure, ya koma gida ya kwance ya cusa kashin shanu.

"Ka gani dai, Wanzam," in ji shi. "Mutumin nan yana da kirki, amma abu ɗaya ne ba ya yafewa. In ya karɓi mara lafiya, ba a haɗa masa da maganin gida. Na san hannunku ba ya zama wuri ɗaya. Ka ɗaure zabirar nan."

Na ce, "Haba Saje, sai ka ce yaro."

Likita ya duba Kande tana kwance rigingine, zaninta a jikinta, cikin kawai ta yarda ta buɗe. Ya danna nan, ya danna can, ya yi tambayoyin da ni mijinta ban taɓa yi mata ba. Sannan ya yi magana, Saje na juyawa. Ya ce daji ne ya kama ta a mahaifa. Ya ce mahaifa da babban hanji maƙwabta ne, bango ɗaya ya raba su. In ciwon yana nan a inda ya tsiro, zai yanka ya cire shi. In kuwa ya tsallaka ya ci hanji, ba zai taɓa ta da wuƙa ba, don wahalar banza zai ba ta. Hannu ba ya iya gane wannan, sai na'ura. Ita kuma na'urar tana aiki da wasu faya-fayan gilashi, nasa sun ƙare, sai ruwan Binuwai ya cika jirgin wuta ya kawo wasu.

Muka koma muna jiran ruwa. Ni da ban taɓa noma ba, na zama mai kallon sama fiye da manomi. Kowace safiya sai na je bakin kogi na duba wani dutse da na sa wa ido, in ga ko ruwa ya hau shi. Ranar kasuwar Pitowa nakan tafi can da zabirata, don masu kawo auduga da gyaɗa suna son ƙaho bayan sun sauke kaya.

Daga Pitowa na dawo wata la'asar na tarar da Kande a ƙasa, ta kifa ciki, ta ciji bakin zaninta. Matar mahauci na yi mata fifita tana hawaye. Ciwon ya sauka mata a ƙugu. Da ta ji motsina ta ɗago ta ce, "Maigida, kana yi wa bare, ni ba za ka yi mini ba?"

Na ce, "Kin ji abin da Saje ya ce."

"Saje ba shi ke kwana da abin nan ba. Ka yi mini ta Baba. A baya ne, wa zai gani?"

Ta Baba da take nufi tsaga ce ta gidanmu, ta ciwon ƙugu, wadda mahaifina ya koya mini. Jere uku ake yi a ƙasan gadon baya, biyar a sama, huɗu a tsakiya, uku a ƙasa. Sai a niƙa kwalli, a kwaɓa shi da man kaɗanya da ɗan ƙaro ya yi kauri, a cika kowace tsaga, a ɗaure da ƙyalle. Na tsaya ina kallonta tana murƙususu. Ba zan ce shaiɗan ne ya zuga ni ba, tausayi ne, da kuma girman kan mai sana'a. Na kwance zabira. Ko tsagar ce ta yi aiki ko kuwa hankalinta ne ya kwanta, Allah ya sani, amma ta sami sauƙi. Duk bayan kwana biyu nakan ƙara mata kwallin, har ya yi tudu a kan kowace tsaga.

Kwana tara bayan haka jirgin wuta ya yi kuka a bakin kogi.

Gilasan sun iso, aka sa Kande ta yini ba ta ci komai ba. Washegari wata ma'aikaciya, mutuniyar bakin teku, ta shiga da ita wani ɗaki, ta ɗura mata wani farin ruwa mai kauri kamar koko ta ƙasa, wai shi zai cika hanjin ya sa ya fito a gilashi. Sannan aka kwantar da ita a kan tebur rigingine, da zaninta, aka sa faifan gilashi a ƙarƙashinta. Ni ina bakin ƙofa. An toshe tagogi da barguna. A waje dakaru biyu na murza wani inji suna haɗa gumi, a ciki wani tulun gilashi da aka rataya a samanta ya kama tartsatsi yana ba da koren haske. Likita ya ce kada ta motsa, kada ta yi numfashi mai ƙarfi. Na karanta duk abin da na haddace, har da wanda ban tabbatar da daidai nake karanta shi ba.

Bayan azahar aka kira ni ni kaɗai. Likita na tsaye a bakin taga da gilashin a hannu, kuma tun daga fuskar Saje na san babu daɗi. Ya ɗaga shi a hasken rana. Na ga ƙasusuwan ƙugun matata, fari fat. Na ga hanjin ya hau ta dama, ya gitta, ya sauko ta hagu, cike da farin ruwan nan. Sai ya sa bakin alƙalami yana nuna wasu fararen ɗigo-ɗigo a ƙasa, a wajen hanjin, ba a cikinsa ba.

Saje ya ce, "Ya ce ka ga waɗannan? Farin ruwan nan ne ya tsiyaye. Hanji mai lafiya ba ya yoyo. Ciwon ya ci bangon ya huda shi, ba wuri ɗaya ba. Ya ce ba zai yanka ba. Zai ba ka abin da zai rage mata zafi, ka kai ta gida wurin danginta tun tana iya tafiya." Sannan ya ƙara nasa, "Sai haƙuri, Wanzam."

Na tsuguna a wurin. Abin da ya zo mini a rai shi ne hanyar Misau, da tsawonta, da cewa a wani ƙauyen da ba mu san kowa ba zan haƙa mata rami. Likita bai sauke gilashin ba, yana ta dubawa yana girgiza kai, ni kuma daga tsugune idona na kansa don ba ni da wani wurin kallo. Wanzami ba ya ganin ɗigo a jikin mutum bai ƙirga ba, haka aka hore mu. Na ƙirga ba da niyya ba. Biyar. A ƙarƙashinsu huɗu. A ƙarƙashinsu uku.

Na sake ƙirgawa. Abin da ya ruɗe ni da farko shi ne kwalli baƙi ne, waɗannan kuwa farare. Amma tazarar da ke tsakaninsu tawa ce, faɗin yatsa ɗaya, har da ta ƙarshen jeren tsakiya da ta ɗan karkace saboda Kande ta zabura lokacin da nake yin ta.

Sai tsohon nan mai gyambo ya faɗo mini a rai. In na yi magana, watakila a kore mu kamar yadda aka kore shi. In na yi shiru, an riga an sallame mu. Da na auna sai na ga ba abin da ya rage da zan yi asara sai mutuncina, shi kuwa ba ya tsaya wa kowa a kabari.

Na ce, "Saje, gaya masa ba ciwo ba ne. Hannuna ne."

"Hannunka kamar yaya?"

"Tsaga ce na yi mata a baya. Na cika da kwalli."

Saje ya zaro ido. "La ilaha illallahu. Wanzam, ka kashe ni. Ni na kawo ka fa."

"Gaya masa dai."

Ya gaya masa, yana magana yana ja da baya. Wuyan likita ya ƙara ja. Ya fita da sauri, muka bi shi har inda Kande take kwance. Ya sa ma'aikaciyar nan ta juya ta ta kwance ƙyallen. Ga su nan, goma sha biyu, baƙi ƙirin, suna ƙyalli. Ya kankaro kaɗan da bakin wuƙa, ya murza a yatsa, ya kai hanci. Ya nemi in ba shi kwallin. Na ciro dutsen kwallin daga zabira, ya jinjina nauyinsa a tafin hannu, ya faɗi wata kalma ɗaya.

Saje ya ce, "Ya ce darma ce. Hasken na'urar ba ya ratsa darma, shi ya sa kwallin ya fito fari a gilashi."

Daga nan aka buɗe mini wuta. Ban san Jamusanci ba, amma zagi ba ya bukatar tafinta. Saje ya fara juyawa, ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya ce, "Kai dai ka ɗauka duk abin da ka san ana faɗa wa jaki." Na durƙusa ina cewa, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure," ina jiran ya nuna ƙofa. Ya ɗaga hannun kuwa, amma kwano ya nuna, da sabulu, da ruwan zafi. Ya ce tunda ni na zuba, ni zan kwashe, kuma in ya ga ƙwayar kwalli ɗaya ta rage zai sa a rufe ni a gidan sarƙa. Ya ce gilasansa ƙidayayyu ne, na ɓata masa ɗaya, ba zai ba ni na uku ba.

Ban taɓa yin aiki da natsuwa irin ta ranar ba. Tsaga bayan tsaga na bi, ina wankewa ina gogewa da auduga, Kande na cije baki. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ni na sa ka."

Na ce, "Ke dai kwanta. Wanda ya riƙe askar shi ya yi."

Bayan kwana biyu aka sake ɗura mata farin ruwan, dakaru suka sake murza inji. Wannan karon likita da kansa ya leƙo baranda ya yafito ni. Ya ɗaga gilashin. Hanjin ya hau, ya gitta, ya sauko, santal, ba ɗigo ko ɗaya a wajensa. A can ƙasa ya ɗan lanƙwasa, inda ƙullutun ya tura shi gefe. Likita ya bi gefen da alƙalami a hankali, ya ce a gaya mini an tura shi ne kawai, ba a ci shi ba, ga bakinsa nan sumul. Ya ce gobe da safe zai yanka. Na buɗe baki in yi godiya, sai hawaye suka zubo mini. Saje ya dafa kafaɗata ya ce, "Yi kukanka, ba wanda zai faɗa a kasuwa." Ƙarya yake yi, kafin la'asar duk masu zama gindin tsamiya sun ji.

Tun hantsi aka shiga da ita, ba a fito ba sai da rana ta karkata. An shaƙa mata wani abu ta yi barci, aka cire mahaifar da ƙullutun gaba ɗaya. Likita ya nuna mini shi a kwano, ya ce yana jingine da hanjin amma bai manne ba, da an ƙara wata biyu da labari ya sha bamban. Sai dai ya ce kada in yi murna tukuna. Hanjin da aka taɓa yakan yi fushi ya kwanta, in bai tashi ba ciki ya kumbura, mutum ya tafi. Alamar tashinsa guda ɗaya ce, mara lafiya ya yi tusa. Kafin nan ko ruwa sai dai a jiƙa mata leɓe.

Kowace safiya sai ya zo da Saje, ya tsaya a kanta, a tambaye ta. Ka ji Saje, babban mutum mai igiya uku a hannu, yana gyaran murya yana cewa, "Uwargida, likita na tambaya, ko an samu... ko iska ta fita?" Kande sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Shekara ashirin da wani abu muna tare da matar nan, ban taɓa jin ta yi ba, har nakan ce a raina ko Allah bai halitta mata ba. Rana ta farko babu. Rana ta biyu babu, cikin ya fara tashi, likita ya danna ya fita bai yi wa kowa magana ba. Na daina zuwa gindin tsamiya. Na zauna a gefen gadonta ina jiƙa mata leɓe da auduga, kunnena a kan abin da duk rayuwata ake koya mini in yi kamar ban ji ba.

Rana ta uku, ana kiran la'asar, ina tsaka da matse audugar, sai na ji ta. Doguwa ce, ba ta da sauri, har da 'yar ƙarama a bayanta. Matan da ke sauran gadajen suka yi tsit. Kande ta fizgi mayafi ta lulluɓe har ƙafa.

Na miƙe tsaye na ce, "Alhamdu lillahi!" da ƙarfin da na tabbata an ji a bakin kogi. Na fita a guje ba takalmi, ina ratsa filin bariki ina kiran Saje, ina cewa ta yi, wallahi ta yi, dakaru na tsaye a layi suna kallona. Da muka dawo da likita, ya ɗora kunne a cikinta, ya ɗago yana dariya, karo na farko da na ga haƙoransa. Ya ce a ba ta kunu.

Da suka fita na zauna ina hura mata kunun. Daga ƙarƙashin mayafi na ji muryarta, siririya amma tata ce.

"Maigida, duk barikin ka gaya wa?"

Na ce, "Saura masu gadin ƙofa. Sha kununki, yanzu zan je."